Hannun Daman Mma

Yayana ya fara fasa kan mutum tun gemu bai fito masa ba. Ina wurin, riƙe da bokiti a layin famfo, kusa da babbar gota, wato kwatar da ta raba unguwannin Nima da Maamobi a Accra. Wani ƙato ya ture bokitina da ƙafa ya ajiye nasa. Yaya ya ɗauki bokitin ƙarfen mutumin ya sauke masa gindinsa a tsakiyar kai. Jini ya biyo ta bayan kunne ya shiga wuyan riga, mutumin ya zauna daɓas cikin caɓi yana kallon mu kamar mai son tambayar hanya. Na ɗebi ruwana na tafi gida. Ba zan ɓoye ba, ranar daɗi na ji.

Baba ya ji labari kafin in sauke bokitin. Shi mai gadi ne a wani kantin katako, ubansa kuma sojan Turawa ne da aka kwaso daga arewa, ya gama aiki ya kafa ɗaki a Nima. Gadon da kakan nan ya bar mana bai wuce ɗaki biyu da wata ɗamarar fata mai kan ƙarfe ba, kuma ɗamarar ta fi ɗakunan aiki. Baba ya ɗaure Yaya a jikin turken shanya, ya dake shi har kan ƙarfen ya tsinke ya faɗa tukunyar maƙwabta. Yaya ya ƙi yin kuka, shi ya sa dukan ya yi tsawo. Da Baba ya gaji ya tafi masallaci, sai Mma, mahaifiyarmu, ta fito da man kaɗanya, ta kwance shi, ta bi sawun ɗamarar tana shafawa. Abin da na fi tunawa shi ne hannunta a kan baƙin bayansa, jajawur da lalle. Mma ba ta zama babu lalle. Kafin wancan ya koɗe ta ƙunsa wani, ko da biki ko babu, har masu sayen kokonta a bakin lungu sukan tsokane ta su ce lallen ne ke sa kokon daɗi.

Dukan bai gyara komai ba. Yaya ya girma ya zama irin mutanen da ake kira maco. Suna da mazauni a gefen gota, bes suke ce masa, inda suke wuni suna ɗaga ƙarafan tsofaffin motoci da aka cusa wa siminti. Masu hali na zuwa su kwashe su a mota zuwa filayen bayan unguwar Madina, inda mutane da yawa ke da'awar fili ɗaya, wanda ya fi yawan adduna kuma shi ne mai gaskiya. Lokacin zaɓe 'yan siyasa su ɗauke su. Yaya ya dawo mana da karyayyen haƙarƙari, ya dawo da yatsa a lanƙwashe. Wata rana da azahar aka kawo shi a kan babur, kunnensa na hagu yana reto a jikin 'yar fata. Mma ta riƙe kunnen a mazauninsa da hannunta tun daga tsakar gida har asibiti, jini na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a zani. A hanya yake gaya mata, wai don ta kwantar da hankali, cewa wanda ya yi masa wannan ba zai sake taka ƙafarsa ta dama ba. Ni ce mai wanke rigunan. Na iya fitar da jini daga yadi tun kafin in iya ɗinka shi, ga shi kuma yau ɗinki ne sana'ata.

Baba ya rasu da damina. Da ƙafarsa ya je sallar la'asar, a hanyar dawowa ya faɗi, kafin magariba an rufe masa fuska. Washegarin jana'iza, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, Mma ta sa aka kira Yaya cikin ɗaki, ta ce in tsaya a bakin ƙofa in zama shaida. Ta ce ya kawo addarsa. Ya kawo, doguwa, ƙotarta naɗe da robar taya. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin gadonta, sannan ta miƙa masa hannun dama.

"Sa hannunka a nan," in ji ta. "Jiya aka kai ubanka. Ba na so in sake zaman makoki saboda kai, kuma ba na so in je gidan wata in durƙusa a kan gawar ɗanta. Ka ce ka bari."

Ya ɗora ƙaton hannunsa a cikin nata ya ce, "Na bari, Mma."

Tun daga ranar abin da muke tsaro a gidanmu ke nan, ni da ita, kada hannun nan ya sake tashi a kan ɗan wani.

Yaya ya koma sauke buhunan albasa daga manyan motocin da ke zuwa daga Nijar. Tsofaffin abokan gaba suka ji labarin rantsuwar, suka fara zuwa gwaji. Na gani da idona a kasuwa. Wani siririn mutum ɗan wata bes ta Maamobi, wanda Yaya zai iya naɗewa ya sa a aljihu, ya tare shi yana ɗauke da buhu, ya tofa masa yawu a ƙirji, ya ƙara masa da mari. Jijiyar wuyan Yaya ta miƙe, hannuwansa biyu na riƙe da kunnuwan buhun. Ya kewaye mutumin ya wuce. Ni ce na kasa haƙuri, na cire takalmi na bi siririn nan har bakin titi, don ni ban yi wa kowa rantsuwa ba. Da yamma na tarar da Yaya a bayan ɗaki yana naushin bango, fatar gaɓoɓin yatsunsa duk ta saɓule.

Ita kuwa Mma ta shiga takaba. Ta daina koko, ta daina fita, ta ajiye tozali da turare da lalle kamar yadda ake yi. A cikin 'yan makonni jan hannunta ya koɗe ya tafi, na ga launin tafin hannun uwata a karo na farko a rayuwata, fari sol kamar na mara jini. Abinci ma ta ajiye shi tare da kwalliyar, duk da ba wanda ya ce ta yi haka. Sai ta tsoma yatsa a tuwo ta ture kwano. Wuyanta ya zurma, zobenta ya fara zamewa. Yaya yakan tsaya a bakin ƙofa ya zuba mata ido. Tsoro yake ji, kuma bai san inda ake kai tsoro ba in ba a kan wani ba.

Ana haka wata mata 'yar unguwar Kotobabi ta shigo gaisuwa. Da can man shafawa take yawo da shi gida gida, yanzu ta ɗora farar riga irin ta ma'aikatan asibiti a kan atamfarta, ta rataya jaka. A cikin jakar akwai wani mashin kamar ƙaramar rediyo, da taga ta gilashi inda ake kifa tafin hannu. In an kifa sai wani shuɗin haske ya kunnu, jim kaɗan wayarta ta nuna launi. Ta dubi Mma, ta dubi Yaya, ta gane wanda za ta yi wa bayani.

"Bra, ka ga ƙarfen da kuke ɗagawa a bakin gota, yadda iskan teku yake cin shi ya yi tsatsa? Haka jikin mutum ma," in ji ta. "Akwai wani abu cikin ganye da 'ya'yan itace, antiyoksidan ake ce masa, shi ne yake hana tsatsan. Mashin ɗin nan yana duba fata ya ga ko akwai shi. In ya nuna ja, babu. Ruwan ɗorawa, da dama dama. Kore kuwa, alhamdu lillahi. In Mma ya sha bitamin ɗin nan ba sai na gaya maka yana aiki ba, da idonka za ka gani."

Nan ta kama shi. Yaya bai taɓa yarda da maganar baki ba, amma tsatsa ya san ta, kuma abin da za a gani da ido shi ne addininsa na biyu. Mma ta kifa hannu, wayar ta nuna ja. Yaya ya karɓi kwalbar bitamin a take.

Duk ƙarfin da ya rasa inda zai kai shi, sai ya juye shi a kan ƙwayoyin nan. Kafin ya tafi kasuwa sai ya tsaya a kan Mma da kofin ruwa har ta haɗiye. Ita ba don ta yarda da su take sha ba, don ta ga ya sami abin yi ne da hannunsa. Mai mashin ta ce a haɗa da ganye, sai ya dinga dawowa da ɗaurin kontomire, ganyen gwazar nan, da gwanda da mangwaro, ya zube mini a madafa kamar ni ce na yi rantsuwar. Na dinga yin miyar da manja, shi kuma ya zauna a gaban Mma ya ƙi tashi sai ta cinye. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai mashin takan zo, tunda mai takaba ba ta fita. Ja ya fara ja da baya. Wata Juma'a ya zama ruwan ɗorawa, Yaya ya fita lungu yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi, har da mai gyaran takalmi da bai tambaye shi ba. Mma kuwa ta fara cikowa, muryarta ta dawo, ta koma yi mini faɗa a kan gishiri. Ni dai ban taɓa sa hannuna a mashin ɗin ba. Na ce ba akwatin rediyon da zai gaya mini lafiyata, ni da nake cikin jikin. Amma na ji daɗin kwanakin nan. Ban taɓa ganin yayana yana jiran Juma'a ba sai lokacin.

Mako na ƙarshe na takaba launin ya tsaya a bakin kore, saura ƙiris. Yaya ya ce wa mai mashin lallai ta zo ranar fita, a auna a gaban baƙi.

Ranar Alhamis matan unguwa suka cika gidan. Aka yi wa Mma kitso, aka kwaɓa lalle a babbar ƙwarya, aka ƙunsa mata hannu da ƙafa, aka ɗaure da tsumma. Duk macen da ta shigo sai ta lakata, ni ma na ƙunsa. Da safe da aka kwance, lallen ya kama Mma kamun da ban taɓa gani ba, ja har ya doshi baƙi, kamar fatar ta daɗe tana jin ƙishinsa. Ta yi wanka ta ɗaura sabon zani, ta sa tozali. Da na gan ta a bakin ƙofa sai da na juya na share ido.

Bayan Juma'a mai mashin ta iso. Aka ajiye mata kujera a tsakar gida, mata suka kewaye, Yaya ya tsaya a bayan Mma yana murmushi tun kafin a fara. Mma ta kifa hannun dama. Hasken ya kunnu. Wayar ta nuna ja, kuma ba irin jan farko ba, can ƙasa inda launin ya ƙare.

Mai mashin ta yi 'yar dariya ta ce zafi ne ya dami mashin ɗin. Ta goge gilashin da bakin farar rigarta, ta kashe ta kunna. Ja. Ta sake. Ja. Tsakar gida cike da mata, kowace da jan hannu, duk idonmu a kan tafin Mma, amma ba wadda ta kawo lalle a ranta. A wurinmu jan tafin hannun mace ba abin lura ba ne, tamkar a ce an lura mutum yana da hanci.

Murmushin Yaya ya tafi. Ya cafko hannuna ya danna a kan gilashin, ina zagin sa bai ko ji ba. Ja. Ya ture ni ya kifa nasa hannun mai kanta, wanda ba ya cin ganye sai nama da kenke, tuwon masarar nan. Ruwan ɗorawa.

"Wannan ba ta taɓa shan ƙwaya ko ɗaya ba," ya ce yana nuna ni, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ita da Mma duk ɗaya. Ni ma na fi Mma. Sista, me kike ba uwata?"

Ya riƙe wuyan hannun mai mashin. Na ji ƙarar awarwaronta yana lotsewa, wayar ta faɗi ƙasa.

"Bra, mepawocew, don Allah, ba ni ne nake yin maganin ba," in ji ta. "Kwalban wannan wata sabo ne, murfinsa ma ya canza. Masta ne ya ba ni, mai kantin Maamobi. Ko shi ne ba kyau, ni ban sani ba."

Don ta ceci hannunta ta faɗa, kuma ban ga laifinta ba. Mma ta miƙe ta dafa ƙirjinsa.

"Kai, dube ni. Ga ni tsaye. Na ci, na sha, na ji ƙarfi. Rabu da akwatin nan."

"Baba ma tsaye yake ranar da ya faɗi," in ji shi.

Ya saki matar ya shiga ɗakin Mma. Na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, na san abin da ya jawo. Mata suka watse, wata ta yi tuntuɓe da ƙwaryar lallen jiya. Mma ta tare ƙofa da jikinta. Ya ɗaga ta cak da hannu ɗaya, ya ajiye ta a gefe a hankali kamar tulu, ya fita da addar.

Haka Mma ta yi fitarta ta farko bayan takaba, ba takalmi, sabon zani a tattare, tana bin ɗanta cikin lungunan Nima. Na wuce ta da gudu, don na ga ba za ta cim masa ba. Mutane na ganin sa suna shigewa shaguna. Ya haye 'yar gadar gota ya shiga Maamobi.

Kantin wata kwantena ce da aka shafa wa koren fenti, kwalabe jere har sama. Masta, wani mai ƙiba da tabarau, yana ciki. A bakin ƙofa kuma, kan benci, 'yan bes ɗin unguwar ne ke zaune, har da siririn nan na kasuwa. Yaya bai tsaya magana ba. Sara ɗaya ya kwashe jeri guda na kwalabe, ƙwayoyi suka watsu a titi suna gangarawa cikin kwata. Siririn ya taso da kwalbar lemo a fashe. Yaya ya kama shi ta wuya da ɗamara ya maka shi a jikin kwantenar, sannan ya jefa shi cikin kwatar, inda ya kwanta bai motsa ba. Wani ya kawo masa duka da katako mai ƙusa, ƙusar ta buɗe masa goshi har gira. Ya juya ya sauke masa bayan addar a damtse, na ji ƙashin ya ce ƙas, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Na uku ya zagayo ta baya da benci. Ni na same shi da kujerar mai sayar da lemu a ƙeya, kuma da za a maimaita ranar da na sake.

Jini ya rufe wa Yaya ido ɗaya. Ya shiga kwantenar. Masta ya maƙale a kusurwa yana kare kai da littafin talla, yana rantsuwa da Hausa da Turanci da yaren Tuwi cewa kamfani ne ya canza murfi, maganin shi ne dai na da. Saran farko ya same shi a kafaɗa, farar rigarsa ta rine nan take. Ya zame ƙasa. Yaya ya ɗaga addar ta koma can bayan kansa, kuma duk wanda ke wurin ya san inda za ta sauka.

Ban ga shigowar Mma ba. Gajera ce, ba za ta kai wuyan hannunsa ba. Abin da ta iya kaiwa shi ne ruwan addar da ke bayan kansa, sai ta kama shi da hannun dama ta damƙe. Yaya ya ji an riƙe, ya ɗauka ɗaya daga cikin mutanen ne. Ya fizge da duk ƙarfin da yake sauke buhu da shi.

Sannan ya juya.

Mma ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga hannun tana duba shi, yatsu huɗu sun saki sun koma baya, tafin ya buɗe daga gefe zuwa gefe. Da farko ba a bambanta jinin da lallen, sai da ya fara zuba a ƙasa.

"Ya isa haka," ta ce masa.

Addar ta faɗi. Ya durƙusa. Mutanen unguwar da suka taru suka rufe shi da katako da duwatsu da duk abin da hannu ya samu, bai ko kare kansa ba. Na ji haƙarƙarinsa na amsawa. Mma ce ta sunkuya a kansa ta rufe shi da jikinta, jininta na ɗiga a bayansa, har suka ji kunya suka ja da baya. Na cire ɗankwalina na ɗaure mata hannun, na tare tasi. 'Yan sanda suka tafi da shi.

Likitoci sun ɗinke abin da za su iya. Yatsun suna nan, amma ba sa rufewa, ko cokali ba sa riƙewa. Masta ya rayu, siririn ma ya tashi, mai karyayyen hannu aka ɗora shi. Limamai da dattawan unguwannin biyu suka yi ta kai da kawowa, Mma kuma ta je gidajen ɗaya bayan ɗaya da hannu a rataye ta durƙusa, abin da ta ce ba ta so ta yi. Ta ce ta gode Allah da ba a kan gawa ba ne. Yaya ya yi watanni a tsare. Ya fito a rame, da tabo a goshi, ba ya haɗa ido da kowa.

Bayan fitowarsa ne mai mashin ta dawo. Ina ganin ta a bakin zaure na ɗauko muciya, Mma ta ce in ajiye. Matar ta zauna a ƙasa, ba farar riga, ta yi ta kuka kafin ta iya magana. Ta ce ta je wani bikin suna a Madina ta auna mata da yawa. Duk mai lalle ja, duk mara lalle lafiya lau. Ta koma wurin waɗanda suka koya mata aikin ta tambaya, suka ce ai hasken ba ya ratsa rini, dole fata ta zama ba komai a kanta. Ba su taɓa faɗa mata ba, don matan da suke aunawa a can unguwanninsu ba sa ƙunshi.

"Mma, da a ce na sani," in ji ta.

Mma ta ce, "Kin zo da akwatin?"

Na ce wallahi in ta fito da shi a gota zai kwana. Mma ta harare ni, ta ɗaga murya ta kira Yaya daga bayan ɗaki. Ya zo ya tsaya a inda ya saba tsayawa, bakin ƙofa. Tun ranar nan ba ta sake ƙunshi ba, lallen ya koɗe ya fita. Tafin dama duk tabo ne, ba ya ma shimfiɗuwa a kan gilashin. Sai ta miƙa ɗayan. A Accra ba a miƙa wa mutum hagu a yi shiru, ko Bahaushe ne ko Bagaye ko mutumin Asante, sai an nemi gafara. Mma ta dubi matar ta ce, "Yi haƙuri da hagu."

Hasken ya kunnu. Wayar ta nuna kore, cikakke, irin wanda Yaya ya yi ta jira. Ba wanda ya ce alhamdu lillahi. Mma ta ce a juya masa wayar ya gani, aka juya. Ya gani, ya koma bayan ɗaki.

Har yau ban sani ba ko ƙwayoyin ne suka yi aiki, ko miyar kontomire, ko kuwa zaman da ɗanta yake yi a gabanta har ta cinye. Wata ma'aikaciyar asibiti da na tambaya ta ce ganye da manja kaɗai ma suna iya ɗaga launin nan, kuma launin ba ya gaya wa mutum ranar faɗuwarsa. Ban gaya wa Yaya wannan ba. Mma ta shanye sauran kwalbar don ba ta son ɓarna, ba a sake sayen wata ba.

Ta koma kokonta a bakin lungu. Ni nake dama mata kafin in buɗe shago, ita ta zauna da ludayi a hagu, hannun dama a kan cinya a lulluɓe da gefen mayafi. Ta koma ƙunshi ma, ni nake ɗaura mata, hannu ɗaya, don tabon ba ya kama lalle. Duk wanda ta miƙa wa koko sai ta nemi gafarar hagu, tun daga mai sayen farko har na ƙarshe. Masu saye sun ce ta bari, kowa ya sani, ta ce ba haka aka rene ta ba.

Yaya bai sake ɗaga hannu a kan kowa ba. An zage shi, an ture shi, ko gezau. Kowace safiya kafin motocin albasa su iso yakan tsaya a wurinta. Sau ɗaya na ji ya roƙe ta, ya ce don girman Allah shi kam ta daina faɗa masa. Ta ce ba ta iya ba ɗanta abinci da hagu ta yi shiru. Na daɗe ina kallon fuskarta ko zan ga alamar horo take yi masa, ban gani ba, tarbiyya ce kawai. Yana iya sayen koko a wani lungun, akwai masu yi da yawa a Nima, amma nan yake zuwa. Ta cika masa kofi, ta ɗora ƙosai a takarda, ta miƙa.

"Yi haƙuri da hagu," ta ce.

Shi kuma ya sa hannu biyu ya karɓa.